Ranar da Injiniya Ya Gyara Talabijin ɗin Surukarsa

Ba makaranta ce ta ba shi sunan Injiniya ba. Labule yake sayarwa, da sandunan rataye labule, a wani shago mai ƙofa ɗaya kusa da tashar mota. Sunan ya samo asali ne ranar da fankar maƙwabcinsa ta tsaya, ya zo ya zabga mata mari, ta ci gaba da juyawa. Wani ya ce, "Sannu Injiniya," don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka ƙara masa a allon shago. Fankar ta kama da wuta bayan 'yan kwanaki, amma idan shi ke ba da labarin, ba ya kaiwa nan.

Tun daga lokacin, duk abin da ke amfani da wuta ko batir ya shiga uku a hannunsa. Matarsa takan ɓoye masa abin da ya lalace kamar yadda ake ɓoye wa yaro ashana.

Surukarsa, Hajiya, tana zaune a hawa na sama na wani bene mai gidajen haya. Autarta na karatun likita a ƙasar waje, an kuma sa ranar bikin yaye su. Likitan Hajiya ya hana ta hawa jirgi saboda hawan jini da gwiwa. Ta yi kukanta ta share, sai Auta ta kwantar mata da hankali: makarantar za ta nuna taron kai tsaye ta intanet. Babban ɗan Hajiya ya aiko da wani ɗan baƙin akwati da ake maƙalawa a bayan talabijin don irin wannan kallo, da rauta mai ba gidan intanet. Hajiya ta gayyaci 'yan uwa da maƙwabta, ta sa aka wanke kafet, aka aro kujeru.

Matsala ɗaya ce. Hoto yakan yi tafiyarsa lafiya, sai kawai ya daskare, wani ɗan zobe ya fito tsakiyar allo yana juyawa, yana juyawa, sannan hoton ya dawo. Ba ya daɗewa sosai, amma Hajiya ta tsane shi.

"Ina tsoron zoben nan ya fito daidai lokacin da za a kira ta," in ji ta, ana gobe taron.

"Mama, bari in kira mutanen kamfanin su zo su duba," in ji matar Injiniya.

Injiniya ya ajiye kofin da ke hannunsa a hankali. "Ina raye?"

"Maigida, ba wai..."

"Ina raye, ina numfashi, a kira wasu yara masu hula da babur su shigo gidan Hajiya? Me mutane za su ce? Hajiya, ki kwanta ki yi barcinki. Wannan zoben na san shi, ya san ni. Gobe kafin ki gama karyawa na yi masa ritaya."

Kawu, ƙanin Hajiya, tsohon direban babbar mota, yana kishingiɗe a doguwar kujera. Bai ko buɗe ido ba ya ce, "Yaya, ki yi sallama da talabijin ɗinki tun yau, ku rabu da mutunci."

Washegari da hantsi Injiniya ya iso sanye da riga mai aljihu bakwai, da fitila ɗaure a goshi duk da rana ta cika falon, da jakar da sai da ya huta sau biyu a matakala kafin ya kawo ta sama. Ya tsaya gaban rauta, hannuwa a baya, ya daɗe yana kallonta.

"Na gano," ya ce. "Wa ya ajiye ta a ƙasa?"

"Wanda ya haɗa ta," in ji matarsa.

"Jahili ne. Intanet kamar ruwan tanki yake. Kin taɓa ganin an ajiye tanki a ƙasa? Dole a ɗaga shi, ya riƙa gangarowa cikin talabijin da ƙarfi."

Ya ja teburin tsakiya, ya ɗora kujera a kai, ya hau da rauta a hannu zai ɗora ta kan kabad ɗin kwanuka. Kebul ɗin bai kai ba. Ya ja. Bai kai ba. Ya ƙara ja da ƙarfi, sai soket ya fito daga bango da guntun siminti, kujera ta goce, Injiniya ya rungumi kabad. Kofunan gilashin da Hajiya ba ta taɓa bari kowa ya sha ruwa da su ba suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin ƙararsa.

Hajiya ta leƙo daga ɗaki. Ta dubi ƙasa, ta dubi surukinta da ke lilo a jikin kabad.

"Hajiya, dama gilashi na tare sabis," ya ce. "Ko ba su faɗo ba, da na ce a fitar da su."

"Ka ji ikon Allah," in ji Kawu. "Su da kansu suka gane laifinsu."

Aka share. Aka jawo wuta daga kicin da doguwar waya. Rauta ta hau kabad. Aka kunna talabijin, zoben ya fito ya gaishe su kamar yadda ya saba.

"Yana zubewa ta baya," in ji Injiniya. "Sabis ɗin na tsiyaya ta bango, yana tafiya gidan mutane a banza. A kawo mini murafen tukwane."

Ya kewaye rauta da murafen tukwane uku da babban tiren silba, ya ɗaure su da salatif, ya bar ɗan ƙaramin rami yana fuskantar talabijin. Zoben da a da yake zuwa ya tafi, yanzu ya zo ya zauna.

"An samu ci gaba," in ji Kawu. "Da baƙo ne, yanzu ɗan gida."

"Kawu, aikin fasaha ba tuƙin mota ba ne."

"Gaskiya ne. Mu in mun lalata abu, a daji muke yi, ba mai gani."

Injiniya ya ce abin da ya rage shi ne a gwada ƙarfin na'urar, a ga iya nauyin da za ta ɗauka. Kafin matarsa ta gane nufinsa, ya fita baranda ya karanta lambar sirrin intanet ɗin Hajiya da murya irin ta mai tallan magani, harafi bayan harafi, har da maimaitawa don waɗanda ke nesa. Duk benen ya amsa kira. Tela da ke da shago a ƙasa ya ɗago kai ya yi godiya. Masu jiran mota a tsallaken titi suka matso inuwar gidan. Wata mata daga hawa na biyu ta tambaya ko harafin ƙarshe babba ne ko ƙarami, Injiniya ya ba ta amsa cikin ladabi.

Da ya dawo falo, ko zoben ma ya daina juyawa. Ya tsaya cik, kamar an zana shi.

"To ka ga, ya daina juyi," in ji Kawu. "Rabin aiki ya kammala."

Matar Injiniya ta ja shi gefe. "Maigida, don girman Allah ka tsaya haka. Har yanzu da lokaci, in na kira su yanzu za su iso."

"Kin taɓa ganin likita ya buɗe cikin mutum, sannan ya kira wani ya ɗinke?"

"Na taɓa ganin wanda ba likita ba ya buɗe."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya gano wani ɗan rami a bayan rauta, ya ce nan ne cibiyarta. Ya samo tsinken sakace ya danna, ya riƙe. Fitilun da ke kore suka ɗauke, suka dawo ja. Ya ce wannan alama ce cewa tana ɗaukar zafi. Don kada akwatin bayan talabijin ya ga an nuna masa bambanci, shi ma ya nemo raminsa ya danna. Akwatin ya manta duk abin da ya sani a duniya: sunan Hajiya, tashoshinta, har da shirin girkin da take kallo kullum. Ya fito da dogon jerin harsuna yana neman a zaɓa. Injiniya ya danna rimot da gadara, bai duba ba. Rubutun allo ya koma wasu ƙananan zane-zane masu kama da tagogi, sai muryar wata mata ta fara magana da ƙarfi cikin yaren da ba wanda ya taɓa ji. Duk maɓallin da ya taɓa, sai ta ƙara faɗin wani abu.

"Tana gaishe ka," in ji Kawu. "Ka amsa mana, kada ta ce ba mu da tarbiyya."

"Yaren injin ne. Ba kowa ke ji ba."

"Me ta ce?"

"Ta ce matsalar daga sama take."

Ya ɗauki sifana ya haye rufin bene. A can ya tarar da faranti na tauraron ɗan adam har huɗu, ba ɗaya da ya shafi Hajiya. Ya leƙo ta saman baranda ya tambayi Kawu ta wane ɓangare ƙasar da Auta ke karatu take. Kawu ya nuna wani gefe da haɓa, don dai a rabu da shi. Injiniya ya kwance farantan duka ya juya su can. Ya ga wani baƙin kebul ya naɗe da sauran, ya ce shi ke shaƙe su, ya datse shi da filaya.

Ba a jima ba aka ji takun mutane a matakala. Tela ne a gaba, tef rataye a wuya, almakashi a hannu.

"Wa ya taɓa mini faranti? Ina da mata shida a shago suna jiran ɗinkin da ban gama ba. Fim ɗin nan ne kawai ya hana su tunawa. Yanzu duk sun tuna."

Bayansa wata malamar makaranta ce ta hawa na biyu, wadda kebul ɗinta aka datse, da wasu mutum uku da suka biyo don kada a ba su labari.

"Malam Tela, gyara ake yi," in ji Injiniya daga kan tsani. "Daga baya kowa zai gode mini."

"Ka sauko in fara gode maka yanzu."

Hajiya ce ta raba. Ta fito cikin sabon leshinta, ta ba kowa haƙuri, ta ce tunda an riga an hawo, a zauna a ga bikin Auta tare. Baƙin da aka gayyata ma sun fara isowa. Falo ya cika har bakin ƙofa, ana zuba lemo a kofunan roba. Lokacin taro ya yi. Talabijin na ta surutu da yarensa.

Hajiya ta kira surukinta kusa, ta yi ƙasa da murya. "Ɗana, shekarun yarinyar nan a can, ban taɓa zuwa na ga inda take kwana ba. Wannan kaɗai nake so in gani da idona, lokacin da ake yinsa. Za a gani ko ba za a gani ba?"



"Za a gani, Hajiya," in ji Injiniya, gumi na bin fitilar goshinsa.

"Mama, ga adireshin da Auta ta turo a wayata," in ji matarsa. "Mu kalla a nan kawai, ki riƙe a hannunki."

"Wannan taron jama'a a kan waya kamar tafin hannu?" Injiniya ya miƙe. Ganin wayar ya ba shi sabuwar dabara. "Ai ga ɓarayin nan. Wayoyinku ne ke shanye sabis ɗin tun ɗazu. Kowa ya kashe tasa ya kawo."

Ya zagaya da robar wanki. Mutane suka yi ta gunaguni, amma don Hajiya suka saka. Ya kai robar banɗaki ya rufe ƙofa. Tasa kaɗai ya bari. Ya zazzage jakarsa, ya samo wani kebul da ya saya tun bara bai san amfaninsa ba, ya cire akwatin mai surutu, ya haɗa wayarsa da talabijin kai tsaye. Cikin ikon Allah, fuskar wayarsa ta fito ɓaro-ɓaro a babban allo. Shi kansa sai da ya ja da baya.

"Bari in ɗauko wayata in karanta maka adireshin," in ji matarsa.

"Injiniya ba ya bin adireshin da aka turo masa. Shi ke nemo hanya."

Ya rubuta sunan makarantar, ya danna hoton farko da ya fito. Sai ga wani makeken zaure, fitilu, tutoci, ɗalibai cikin baƙaƙen riguna da huluna masu tunku, ana busa kiɗa. Hoto tas, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Aka yi shiru ana jiran zobe. Bai zo ba. Aka ƙara jira. Ko alamarsa.

Falo ya ɗauki tafi. Tela ya ajiye almakashinsa. Hajiya ta kama hannun surukinta da hannu biyu tana sa masa albarka.

Injiniya ya tsaya gefen talabijin kamar shi ya gina zauren. "Jama'a, ba na son yabo. Amma ɗazu a nan akwai waɗanda suka ce a kira kamfani. Akwai masu tuƙin mota da suka ba da shawara. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Abin da kuke gani sakamakon juya farantan nan ne, da murafen tukwane, da sauran abubuwan da in na yi bayani kanku zai yi ciwo. Duk mai irin wannan matsala, shagona na kusa da tasha."

"Matsa, kana tare mana," in ji Kawu.

Aka yi jawabai masu tsawo. Aka fara kiran ɗalibai. Hajiya ta matso bakin kujera. Wata yarinya ta taso daga nesa, Hajiya ta ce ga ta nan, ta fara hawaye. Da kyamara ta matso, aka ga ba ita ba ce. Ta sake gano ta a layi na uku, ta ce ta rame, ba ta cin abinci. Wannan ma da aka matso, namiji ne. Aka ci gaba da jira. Lemo ya ƙare. Ta manyan tagogin zauren ana ganin ruwan sama na zuba.

"Allah sarki, ko ta tafi da lema," in ji Hajiya.

Sai hoton ya ɗauke, waya ta fara ƙara, sunan Auta ya cika allo. Kiran bidiyo ne.

"Kun gani?" in ji Injiniya. "Har cikin zauren na haɗa mu da ita."

Ya amsa. Fuskar Auta ta fito ƙatuwa, tana dariya, furanni a hannu, hular a karkace. Tana tsaye a waje kan ciyawa, rana na haska ta tarwai.

"Yaya, ina ta kiran wayar kowa a kashe. Ina Mama? Mama, kin gan ni?"

"Muna nan muna jira, 'yar albarka," in ji Hajiya. "Ki koma ciki kada a kira ki ba kya nan. Ruwan ya ɗauke ne?"

"Wane ruwa? Mama, ai an tashi tun ɗazu." Dariyar Auta ta ragu. "Ba ki gani ba? Ni aka ba lambar ɗalibar da ta fi kowa. Ban gaya miki ba ne don ki gani da kanki. Suka ba ni abin magana, na ce mahaifiyata na kallona yanzu daga gida, na roƙi duk zauren su ɗaga miki hannu. Duka suka miƙe, Mama. Har shugaban makarantar."

Ba wanda ya motsa a falon. Daga banɗaki ma ba a jin komai, tunda duk wayoyin a kashe suke.

Hajiya ta gyara zama. Ta sa wa 'yarta albarka, ta ce hular ta yi mata kyau, ta ce za su yi magana anjima. Auta ta ce za a saka faifan daga baya, za ta turo. Hajiya ta ce to. Kiran ya katse, zauren ya dawo allo, ana ci gaba da kiran 'ya'yan mutane cikin ruwan sama.

Malamar makaranta ta gyara tabarau, ta matsa kusa, ta karanta ɗan rubutun da ke ƙasan hoton. "Wannan bikin shekara huɗu da suka wuce ne."

"To ai shi ya sa," in ji Kawu. "Yaran nan da muka tafa wa, yanzu wasu har sun yi tumbi."

"Ni na bar mata shida a shago," in ji Tela, "na zo na taya iyayen da ban sani ba murna."

Injiniya ya kai hannu zai rufe bidiyon, ya danna wani wuri daban. Jerin abubuwan da ya nema a wayarsa tun daren jiya ya fito a babban allo, da manyan haruffa. Malamar, da yake ta saba karanta wa aji, ta karanta a bayyane: "Mece ce rauta. Ina ake kunna rauta. Jar fitila a rauta tana fashewa ne. Yadda ake ba suruka haƙuri."

"Na ƙarshen nan," in ji Kawu, "da ka fara karanta shi."

Matarsa ta rufe fuska da gyale. Mutane suka fara bin layi zuwa banɗaki neman wayoyinsu, ba mai kallon kowa.

Injiniya ya tsaya tsakiyar falo, fitilar goshinsa har yanzu a kunne. Ya dubi ramin soket a bango, ya dubi kabad, ya dubi surukarsa. Ya gyara murya.

"Amma Hajiya, a faɗi gaskiya. Aikin da aka ba ni shi ne hoto ya daina tsayawa. Tun da na kunna, ya tsaya ko sau ɗaya?"

Hajiya ta dube shi. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta je da kanta ta ɗauko jakarsa, ta rataya masa a kafaɗa, ta buɗe ƙofar falo.

"Bai tsaya ba, ɗana," ta ce. "Kai ma kada ka tsaya."